Gidan Abincin Da Ya Tsaya Mini A Madadin Ƙauyenmu

Kakar bana ta same ni a Jos, ban samu ko kwana biyu na leƙa gida ba. Ina ajin ƙarshe a Jami'ar Jos, ga rubutun kundin bincike, ga jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, alhali tun da damina na yi wa wasu abokaina baƙi uku alkawarin kai su ƙauyenmu na yankin Saminaka su ga karyar masara da yankan dawa. Ɗaya Bajamushiya ce mai bincike kan abincin gargajiya, sauran biyun kuma ɗalibai ne daga Kenya da Indiya. Da na ga tafiyar ba za ta yiwu ba, sai na kai su wani ƙaramin gidan abinci da ke kusa da kasuwar Farin Gada, wanda wata dattijuwa da kowa ke kira Inna take gudanarwa tare da 'ya'yanta mata biyu.

Rumfa ce ta kwano mai benci huɗu da tabarmi, kuma murhun yana gaban mai ci, ba a ɓoye shi a baya ba. Wannan ne babban abin da ya sa nake yaba wurin, domin baƙo yana ganin aikin da ke cikin abincin kafin ya kai loma baki.

Mun tarar da Inna tana wankin acca. Duk wanda ya san wannan hatsi na tsaunukan Filato ya san ƙwayarsa ba ta fi yashi girma ba, kuma da yashin take zuwa daga masussuka, don haka sai an yi ta juya ta a ruwa daga ƙwarya zuwa ƙwarya har yashin ya kwanta a ƙasa. Bajamushiyar ta roƙi a bar ta ta gwada, Inna kuwa ta kama hannunta ta ce, "A hankali, 'yata, ruwa ne ke aikin, ke dai karkata ƙwaryar." Sau uku tana zubar da acca, dattijuwar ba ta nuna ko alamar gajiya ba. Da aka kawo gwaten, mai yakuwa da gauta da alayyahu, ban ji tsakuwa ko ɗaya a haƙorina ba, kuma a wurina wannan shi ne ma'aunin mai dafa acca. Tsamin yakuwar ya fito daidai, bai danne ɗanɗanon hatsin ba.

Masa da miyar taushe sun biyo baya. Kabewar ta bana ce, ana jin zaƙinta, masar kuma ta tashi sosai, sai dai man ya ɗan yi mini yawa.

Fura ce ta buɗe bakin kowa. An dama ta a gabanmu da kindirmo, ƙamshin citta da kanumfari yana tashi, aka miƙa wa kowa ludayinsa. Abokina na Indiya ya gane geron nan take, ya ce da shi ake yin gurasa a yankinsu, ya kuma tuna mana cewa ƙasarsu ce ta gabatar da shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, waɗanda acca ke cikinsu. Daga nan na sami ƙofar ba su labarin gida: yadda ake ɗaure dami a jera a rumbu, yadda mata ke sussuka da shiƙa, da yadda gayya ke tara samarin unguwa a gonar mutum ɗaya, ladansu kuwa fura da tuwo. Inna tana ji tana gyara mini inda na yi tuntuɓe, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai, domin ta fi ni sanin abin da nake faɗa.

Akwai abubuwan da ya kamata mai zuwa ya sani. Hayaƙin itace yana cika rumfar idan iska ta juyo, har idon ɗan Kenya ya yi ja. Jira yana da tsawo, saboda komai a lokacin ake haɗa shi, kuma gwate yakan ƙare kafin la'asar, don haka zuwa kafin azahar ya fi. Tsabar kuɗi kawai suke karɓa, abin da ya sa na koma bakin titi neman mai POS. Farashin kuwa ɗalibi zai iya ɗauka ba tare da ya taɓa kuɗin motarsa ba. Mai zuwa da safe ya riƙo rigar sanyi, domin garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma daga Nuwamba sanyin ba ya wasa.

Bayan mako guda Bajamushiyar ta koma ita kaɗai da mudun acca da ta saya a kasuwa, ta zauna gefen murhu, Inna ta sake miƙa mata ƙwarya biyu da ruwa.