Masu tura fim sun fara tura na ilimi: ra'ayina kan na zamanin ƙanƙara

Jama'a duk mai zuwa kasuwar Gujungu ya san layin masu caji da tura fim a waya, to akwai wani shago a can ƙarshen layin, wanda yake da sola a kan rufin kwano, yanzu ban da na Indiya da wa'azi da waƙoƙi ya fara ajiye shirye-shiryen ilimi masu fassarar Hausa, na dabbobin daji, na taurari, na teku. Ni wanda na karɓa shi ne na zamanin ƙanƙara, kashi uku ne, kuma kuɗin turawar bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Ina koyar da yara a ƙaramar sakandare ta ƙauyenmu, shi ya sa nake bin irin waɗannan, kuma tunda an tambaye ni ko ya cancanci a cika memori da shi, ga abin da na gani.

Hoton dai ba laifi, tsaf yake ko a ƙaramar waya. Kashi na farko yana nuna duniya wajen shekara 21,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe kusan duk Kanada ta gangaro har inda New York da Chicago suke yanzu, wata kuma ta danne Suwidin da Norway da Finland da arewacin Birtaniya, kaurinta a wasu wuraren ya kai kilomita 3. Ruwan da ya daskare a kan ƙasa daga teku aka ɗebo shi, saboda haka teku ta ja baya da kusan mita 120, mutum zai iya takawa da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila, haka daga Siberiya zuwa Alaska. Ƙanina da muke kallo tare sai da ya ce in mayar baya ya ƙara ganin taswirar.

Amma inda shirin ya ci kuɗinsa a wajena shi ne kashi na biyu, yadda ƙanƙarar ta janye. Yawancin mutane in suka ji an ce ta ja baya sai su ɗauka ta juya ne ta koma arewa da kanta, alhali ba haka ba ne, kullum gaba take malala saboda nauyinta, a hankali a hankali, daga tsakiya inda take da kauri zuwa gefe. Abin da ke komawa baya bakinta ne kawai, in narkewar da ake yi a baki ta fi abin da ke zuwa daga baya yawa sai ka ga bakin yana matsawa arewa, in suka yi kunnen doki sai bakin ya tsaya wuri ɗaya shekaru masu yawa amma ƙanƙarar tana ta kawo tsakuwa da yashi da manyan duwatsu tana jibgewa a nan, har ya zama dogon tudu. Sun yi wannan da zane mai motsi, wallahi ko ɗan aji ɗaya zai gane. Sai suka nuna tsibirin Long Island na Amurka, ashe tudun da ke tsakiyarsa irin wannan jibgin ne, da wasu ƙattin duwatsu zaune a filin shaƙatawa na tsakiyar New York waɗanda ba irin dutsen wurin ba ne, ƙanƙara ce ta ɗauko su daga wani wuri ta sauke ta tafi ta bar su.

Dalilin janyewar ma sun kawo shi, lissafin wani masani ɗan Sabiya mai suna Milankovitch, cewa karkatar duniya da yadda take zagaya rana suna ɗan sauyawa a zagaye na wajen shekara 23,000 da 41,000 da 100,000, in zafin bazarar can arewa ya ƙaru har dusar da ta zuba da sanyi ba ta kai wa shekara ta zagayo, shi ke nan an fara cin uwar kuɗi. Daga nan abu ke jan abu, farin fili ya ragu ƙasa ta ƙara shan rana, teku ta saki iskar kabon, zafi ya daɗu. Kuma ba a jere lafiya lau aka tafi ba, wajen shekara 14,500 da suka wuce teku ta tashi kusan mita 20 cikin 'yan ɗaruruwan shekaru, sannan wajen 12,900 sanyi ya dawo da ƙarfinsa ya yi sama da shekara dubu kafin ya saki a wajen 11,700. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa shi ne wani makeken tafki na ruwan narkewa, Tafkin Agassiz, ya ɓalle ya kwarara cikin tekun Atlantika ya dagula igiyar ruwan da ke kai ɗumi Turai. Shirin ya faɗi cewa har yanzu ana muhawara a kan wannan, na ji daɗin hakan, ba su yi mana ƙaryar sun gama sani ba.

Wani dattijo a majalisarmu da na nuna masa ya ce, malam, wa ya zauna ya ƙirga musu shekarun nan? Na ce Baba ai tambayar tana kan hanya, kuma shirin ya ɗan taɓa, suna haƙo ƙanƙarar Girinlan da Antatika doguwa kamar bututu suna ƙirga layi-layi na shekaru, da laka ta ƙasan tafkuna da ke kwanciya hawa biyu duk shekara, mai haske ta bazara mai duhu ta sanyi. Sai dai a guje suka wuce wurin, minti kaɗan, alhali nan ne mutanenmu suka fi son a tsaya.

Abin da ya fi ba yara dariya shi ne ƙasa tana tasowa. Nauyin ƙanƙara ya danna ƙasa ta lotsa, da aka ɗauke sai take dawowa kamar katifar da ƙato ya tashi daga kai, har yau gefen Hudson Bay a Kanada yana tashi kusan santimita 1 duk shekara, haka gaɓar Suwidin da Finland, tsofaffin tashoshin jirgin ruwa sun koma kan tudu.

Yanzu ga matsala. Mai fassarar irin na fim ɗin Indiya ne, bakinsa ba ya shiru, ana nuna ƙanƙara na ruftawa cikin teku shi yana cewa kai jama'a yau ake yin ta, ga barkwanci inda ba a buƙata. Wannan ana iya haƙuri. Wanda ba a haƙuri shi ne lamba, a wuri ɗaya rubutun kan allo yana nuna 12,900 shi ya ce shekara dubu ɗari da ashirin da tara, wani wurin ya mayar da mita kilomita. Duk malamin da zai nuna wa ɗalibai dole ya riƙa tsayarwa yana gyara. Sautin kashi na uku kuma yana riga hoton da kusan numfashi biyu, na koma shagon yaron ya ce haka ya same shi, amma dai ya sake tura min ba tare da ya karɓi ko sisi ba, duk da bai gyaru ba. Yana da fara'a, ba ya gaggawar korar mutum ko layi ya yi tsawo.

Babban ƙorafina ba laifin mai shago ba ne, na masu shirin ne, kashi uku cur ba a ambaci yankinmu ba sai ka ce ba ma duniyar. Alhali lokacin da ƙanƙarar nan ta kai ƙarshen girmanta nan fari ne mai tsanani, hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, Tafkin Chadi ya kusa ƙafewa ƙaf, kuma dogayen tuddan yashin nan da muke noma gero a kai, waɗanda kogin Haɗejia ke ratsawa yana bazuwa cikin fadamu, iska ce ta tara su a zamunan bushewa irin wannan. Da ƙanƙara ta janye damina ta yi ƙarfi, Sahara ta yi kore, Tafkin Chadi ya kumbura har ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, tsohon bakinsa shi ne tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri. Kwalekwalen Dufuna da wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a jihar Yobe a 1987, mai shekara wajen 8,000, na wannan zamanin ruwan ne. Da an sa ko minti goma na wannan da manoman Auyo da Kirikasamma sun kalla da wata irin natsuwa daban. Ni dai in na nuna wa yara, nakan tsayar a ƙarshen kashi na biyu in ƙara musu da baki.

Ga mai son karɓa, kashi na ɗaya da na biyu sun cancanta, na ukun maimaici ne da hotunan dabbobi masu gashi, in memorinka ya cika bar shi kawai. Ka je da naka memorin, waɗanda ake sayarwa a tire a bakin layin da yawa jabu ne, zai nuna maka giga 32 amma da ka zuba abu kaɗan sai fayil ya ƙi buɗewa. Kuma ka sa ya kunna maka a wayarka ka ji sauti kafin ka bar shagon, musamman in daga nesa ka zo cin kasuwa.