Gargaɗi ga masu injin kwale-kwale a kan man haɗi na jabu

Ina jan hankalin masunta da masu jigilar fasinja a gaɓar tafkin Kainji, musamman masu aiki da injin Yamaha Enduro, game da wani mutum da yake zagaya tashoshin ruwa ranar kasuwa yana sayar da man haɗin fetur, wanda aka fi sani da 2T, a kan rabin kuɗinsa. Robobin da yake kawowa na asali ne, amma tsofaffi ne da aka tsinto, kuma abin da ke cikinsu baƙin mai ne da aka juye daga mota, aka tace, aka yi masa algus da kananzir da ɗan launi.

Abin da ya fi damuna shi ne ikirarin da yake yi cewa man nasa yana da ƙarfi, don haka murfi biyu ya ishi jarka guda. Wannan magana tana iya kashe inji. Irin wannan injin ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar ta mota, man da aka gauraya da fetur shi kaɗai ne yake jiƙa fistin da ringi da boris, kuma ma'aunin da aka fi bi shi ne kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita ga tankin lita 25. Idan aka rage, inji zai yi zafi, fistin ya kama, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa da mutane da kaya a ciki.

Masu injin da yake da famfon da ke haɗa man da kansa su ma ba su tsira ba, domin dattin yana toshe matata da siririyar tiyon da mai ke bi, sai injin ya ci gaba da shan fetur zalla. Mafi muni, akwai makanikan da ke cire wayar ƙararrawar gargaɗi idan ta dame su da kuka, su ce sun gyara.

Kafin ku biya, ku duba ko an taɓa fasa hatimin murfin, ku nemi alamar TC-W3 a jikin robar, wadda ita ce shaidar man injin ruwa, sannan ku ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda. Tsohon mai yana barin baƙin tabo mai ƙura-ƙura, ga warin ƙuna. Filogi ma yana tona asiri, domin za a gan shi ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe, toka ta daskare a bakinsa.

Duk wanda ya riga ya zuba man, ya juye tankin gaba ɗaya, ya wanke kabureta, ya sauya filogi, sannan ya kai robar wurin sarkin ruwa ko shugabannin ƙungiyar tasharsu domin a hana mutumin sake kasa kaya.