Kamfanin kago da ya kawo min kaya daga Jidda zuwa Sakkwato: abin da nig gani

Tun da nid dawo mutane ke ta tambayata wa ya ɗauko min kaya kuma nawa nib biya na kwastam, to bari in faɗa sau guda kowa shi ji. Sunan kamfanin dai ba zan kama ba, waɗanda sunka zauna Jidda sun san irinsu, shago ne ɗan ƙarami wajen Bab Sharif da sikeli a bakin ƙofa da katan-katan har rufi, suna da ofis a Kano da wani yaro mai karɓar musu kaya a nan Sakkwato.

Shekara bakwai niy yi ina tuƙi a can, da anka buga min huruj, wato bizar barin Saudiyya, sai munka tattara komatsai ni da uwargida: firij, injin wanki, keken ɗinkinta, katifu biyu, tukwane, littattafai da kayan yara. Katan 14 ban da manyan. Alhajin da ke shagon mutum ne mai fara'a wallahi, ya ba mu shayi, yac ce "Malam kai dai ka tahi gida ka kwanta, ƙofa zuwa ƙofa ne, sati shida kayanka na Mabera." Anka auna, yaf faɗi kuɗɗin jirgin ruwa, sannan yaƙ ƙara wani abu a kan kowane kilo wai na fito. Ban yi gardama ba don a zatona haka abin yake.

Ashe ba haka yake ba. Wani abokina malamin makaranta da yad dawo daga karatu a Malesiya shi yab buɗe min ido, muna zaune ƙofar gida bayan la'asar yat tambaye ni ko da sunana kayan sunka taho. Nic ce a'a, da sunan kamfani, kontena guda ce anka haɗa mu mutum da yawa. Yay yi dariya yac ce to ka yi kyauta. A ƙa'idar kwastam ta Najeriya, ɗan ƙasa da ya zauna waje wata tara ko fiye, in ya dawo da kayan amfaninshi na gida waɗanda yar riga yay yi amfani da su, kuma ba na sayarwa ba ne, ba a karɓar kuɗɗin fito a kansu. Amma sai takardar jirgi ta fito da sunanka, ga fasfo mai hatimin shiga da fita, ga jerin abin da ke cikin kowane katan, kuma ka cike fom ɗin kayan da ba su biyo mai su ba, wanda suke ce ma PUBD. Ni ko ɗaya ba a nemi in kawo ba in ban da hoton fasfo da igama, wato katin zaman Saudiyya. Katifar da yarana sunka yi shekara biyar suna fitsari a kai, ita ma na biya mata fito kamar sabuwa dal.

Don Allah kar wani shi fahimce ni baibai, ban ce sata sunka yi ba. Kayana cikin na 'yan kasuwa sunka shiga, masu abayoyi da dabino da turare dila-dila, kuma kontena irin wannan dole a biya mata. Abin da ya ƙona min rai shi ne rashin bayani. Da Alhaji yac ce min ga hanya biyu, ko ka shiga haɗaka ka biya a kan kilo ka huta, ko a yi maka takarda da sunanka ka nemi ejan a Legas ka bi sawu da kanka, da sai in zauna in yi lissafi. Mai yiwuwa ma haɗakar zan zaɓa, don wanda ya san Apapa da Tin Can, tashoshin jirgin ruwa na Legas, ya san kowane kwana da kaya sunka ƙara a tasha kuɗɗin ajiya ne ke hawa, ga na ejan, ga zirga-zirga daga Sakkwato. Amma a bar mutum shi zaɓa mana.

Kuma in don gaskiya mu ma da namu. Hajiya ta cusa kuloli sababbi guda shida cikin kwalayensu da abaya dozin biyu na tsaraba, 'yan uwa ai ba a dawo musu hannu rabbana. Waɗannan ko da sunana kayan sunka zo ba za su wuce a kayan gida ba, jami'i na buɗewa yag ga abu iri guda da yawa da leda a jiki ya san inda zai sa shi. Mota kuwa tun can nis sayar da tawa, don ba ta cikin wanga sassauci, fitonta daban ne, kuma tun farkon 2017 anka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, balle mutum shi ce zai zagayo da ita ta Kwanni shi shigo Illela.

Sati shidan nan dai sai da yaz zama wata uku da 'yan kwanaki. Waya suna ɗauka, wannan na yaba musu, sai dai kullum amsa guda, "Alhaji kaya na kan ruwa", har nic ce ma yaron ko jirgin da sanda ake tura shi. Da sunka fito Legas kuma maimakon a biyo da su ta Mokwa da Kontagora da Yawuri kai tsaye, sai anka wuce da su Kano tukun don can sito ɗinsu yake, sunka ƙara kwana goma. Ƙofa zuwa ƙofar ma a wani shago kusa da tasha taƙ ƙare, ni nid ɗauki mai a-kori-kura da kuɗɗina zuwa gida.

Katan 14 sun zo cif, ko cokali bai ɓata ba, kuma wanga ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san labarin kago. Uku an buɗe an sake liƙewa da wani salatif ruwan ƙasa, ɗaya kwalbar humra ta fashe a ciki, yanzu duk littattafaina ƙamshin amare suke. Firij ya lotsa a gefe amma shina sanyi. Keken ɗinki ne yaj ji jiki, ƙafa guda ta karye, Hajiya ta zauna gabanshi ta yi shiru kamar an yi mata rasuwa.

In maki ne shida cikin goma zan ba su, amana akwai, bayani da cika alkawari babu. Na tura musu hoton keken, Alhaji yac ce in kai gyara za su biya. Mai walda na Kasuwar Kara ya gama tun ranar Laraba, rasit ɗin na nan cikin aljihuna, na kira sau biyu an ce Alhaji ya shiga Makka.