Filtar aljihu ko ƙwayar kulorin: da wanne za ka shiga daji?

Wani ƙanenmu a ƙungiya, mai sana'a a kasuwar Mile 12, ya samu aikin gona can bayan Epe. Su biyar ne za su tafi, kuma za su yi sati uku ba su fito gari ba. Ruwan leda ba zai kai su ko sati guda ba, abin da ke wurin kuwa rafi ne da wani kududdufi da shanu ke sha. Ya ce ya ga ƴar filtar nan da ake zuƙar ruwa da ita kamar mai shan lemo, ya kuma ji labarin ƙwayar da ake jefawa a jarka, shi ne yake tambaya wanne zai saya, tunda kuɗinsa ba za su ɗauki kuskure ba.

Ƙanena, na yi shekaru ina shiga ƙauyukan Ijebu neman goro, kuma duka biyun na yi amfani da su. Ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa tambayar tana bukatar a zauna a kanta.

Filtar aljihu rariya ce, ba magani ba. Idan ka fasa cikinta za ka tarar da wasu siraran zarurruka masu rami kamar karan dawa, jikinsu cike da huda ƙanana. Girman hudar ana auna shi da maikuron, wato ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki kashi guda. Gashin kanka yana da kauri wajen maikuron 70. Hudar filtar da ake kira LifeStraw maikuron 0.2 ce, ta wata mai suna Sawyer Mini kuma 0.1. Duk abin da ya fi hudar girma a waje yake tsayawa. Bakteriyar da ke kawo kwalara da taifod sun fi ta girma, ba sa wucewa. Haka nan wasu ƙwayoyin halitta masu ɓawo da ake kira Giardia da Cryptosporidium, masu sa zawon da ke jan kwanaki har mutum ya rame, su ma tsayawa suke yi, domin ƙaraminsu ya kai maikuron 4 zuwa 6. Matsalar tana wurin bairas, wato ƙwayoyin cutar da suka fi bakteriya ƙanƙanta. Wanda ke kawo ciwon hanta nau'in A bai wuce kimanin maikuron 0.03 ba, saboda haka shi da ƴan'uwansa irin su rota mai sa zawo suna ratsa hudar kamar ba a tare komai ba. Kuma mafi yawan bairas ɗin da ke cikin ruwa daga bayan gidan mutane yake fitowa. Filtocin nan an fi yi wa masu hawan duwatsu na Amurka da Turai tallarsu, inda rafin ke gangarowa daga wurin da ba kowa. Rafinmu kuwa kafin ya iso gare ka ya ratsa ƙauye uku.

Kulorin kuma kisa yake yi, ba ya cire komai. Ka same shi a ƙwaya irin Aquatabs, ko na ruwa a ƴar kwalba irin WaterGuard da aka daɗe da sani a ƙasar nan. Yana kashe bakteriya, yana kashe bairas, wato daidai gurbin da filta ta bari. Amma Cryptosporidium ɗin nan ɓawonsa yana da tauri, yawan kulorin da cikin mutum zai iya ɗauka ba ya yi masa komai. A nan ne maganar kududdufin da ka ambata ta dame ni, domin ƴan maruƙa suna cikin manyan masu ɗauke da shi, suna zubar da shi a kashinsu. Duk ruwan da ka ga sawun kofato a bakinsa, ka ɗauka yana ciki. Sannan kulorin ba ya son ruwa mai dauɗa. Laka da ruɓaɓɓen ganye suna shanye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayar cutar, kuma ita kanta takan laɓe a cikin ɗan ƙullin laka ta tsira.

Ka ga ke nan abin da ɗaya ya kasa shi ne ɗayan ya iya.

Wajen lokaci da yawan ruwa, suna da nisa da juna. Filta nan take ne: ka tsuguna bakin rafi, ka zuƙa, ƙishirwa ta tafi. Kulorin sai ka jefa, ka girgiza, ka jira minti 30, kuma wanda ya wuni yana sara a rana ya san tsawon minti talatin. Amma ƙwaya ɗaya mai ƙarfi tana gama da jarka mai lita 20 ba tare da ka motsa hannu ba, yayin da matse lita 20 ta filtar aljihu aiki ne na zama. Ka dai kula, ƙwayar ba ƙarfi ɗaya gare ta ba, akwai ta lita guda akwai ta jarka, sai ka karanta abin da aka rubuta a jikin takardar, ka duba lambar NAFDAC da ranar da za ta daina aiki. Akwai kuma wata falala da kulorin ya fi filta da ita wadda ba a cika faɗa ba: yana zama a cikin ruwan yana gadinsa na wasu awanni. Ruwan da aka tace kuwa, da zarar wani ya tsoma moɗa da hannun da bai wanke ba, ya koma gidan jiya.

Warin kulorin gaskiya ne, akwai shi. Wani abokin tafiyata ya taɓa ƙin sha, ya ce warin asibiti yake ji. Idan an cika minti talatin ɗin, ka buɗe jarkar ta sha iska ko ka juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan sau biyu uku, warin yana raguwa sosai.

Ita filtar ma iri biyu ce a gabanka, kuma a nan nake so ka dakata kafin ka biya. Ta zuƙa, wadda ka gani, tana da tarihi mai kyau da ya shafe mu. Asalinta daga yaƙi da kurkunu ne. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu kurkunu a Najeriya, kuma cikin abubuwan da suka kashe cutar akwai tace ruwa da ƙyalle da wani ɗan bututu mai raga da manoma da makiyaya ke ratayawa a wuya. Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun sha yawo ƙauyuka a kan haka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita. Kamfanin Vestergaard da ya yi wa wancan aiki filta shi ne ya fito da LifeStraw a 2005, kuma sun ce guda ɗaya tana tace lita 4,000. Abin kirki ce. Sai dai baki ɗaya take yi wa hidima. Ba za ka jiƙa garin kwaki da ita ba, ba za ka dama fura ba, ba za ka cika buta ba, kuma ruwan da ya fito cikin bakinka ya faɗa, babu inda za ka tara shi balle ka jefa masa kulorin. Mutum biyar su dinga karɓa-karɓa da bututu ɗaya baki da baki, wannan ma wata hanyar cuta ce.

Ta matsawa, irin Sawyer, ita ce ta dace da ku. Bakinta yana hawa kan gorar lemo ta roba, ka cika gorar da ruwan rafi, ka ɗaura, ka kifa, ka matsa, ruwa mai kyau ya zubo a mazubin da ka tara. Nauyinta bai kai gram 100 ba. Tana zuwa da sirinji, kuma don Allah kada ka bar shi a gida kamar yadda na taɓa yi. Wata damina a wani ƙauye bayan Ijebu-Ode, ruwan rafin ya yi ja jawur saboda zaizayar ƙasa. Kwana biyu kawai filtata ta toshe, na matsa gora har yatsuna suka yi ciwo, ruwan yana ɗigowa ɗis-ɗis kamar ƙarin ruwa a asibiti. Da na dawo Agege na cika sirinjin da ruwa mai tsabta na tura shi ta baya da ƙarfi, abin da ya fito kamar kunun kanwa. Sau biyar na maimaita kafin ya fito fari, sai ga ta ta dawo kamar sabuwa. Kullum da yamma ka yi mata wannan wankin. Kuma in kun dawo, ka wanke ta ka shanya ta bushe sarai kafin ka jefa a akwati, domin danshin Legas ba ya barin abu mai laima ya zauna lafiya. Idan ta faɗi a kan dutse jikinta ya tsage, ka daina yarda da ita, tsagewar zaren ciki ba a ganinta da ido. Ka kuma yi hattara da ta jabu, wadda kwalinta ya yi kama amma kuɗinta ya yi arha fiye da hankali.

Abin da zai tsawaita ran filtar, ya kuma ƙara wa kulorin ƙarfi, iyayenmu sun riga mu saninsa. Ka ɗebi ruwan a bokiti ka bar shi ya kwanta. In kana da ƴaƴan zogale busassu, ka ɓare ka daka ka zuba, ka juya, cikin awa ɗaya ko biyu lakar za ta taru ta sauka ƙasa. Sai ka tsiyaye ta cikin tsohon rawani ko zane mai tsabta da aka ninka huɗu. Kada ka raina ƙyallen nan: a ƙauyukan Bangaladash an gwada tace ruwa da tsohon zanen mata mai ninki huɗu, kwalara ta ragu da kusan rabi. Amma ruwa ya yi garau ba ya nufin ya zama na sha, kamar yadda ruwan da ya halatta ka yi alwala da shi ba lallai ne cikinka ya karɓe shi ba.

Akwai abin da su biyun duk ba sa iyawa, kuma a yankin Legas shi ne ya fi ba ni tsoro. Gishiri ba ya tacuwa da filtar aljihu, saboda haka ruwan tafkin Legas da rafukan da teku ke turo wa ruwa ba na sha ba ne komai ka yi masa. Haka fetur da ya tsiyaya daga bututun mai, da ruwan da masana'antu ke zubarwa, da maganin feshi da ruwan sama ya wanko daga gona. Wannan na ƙarshen ya shafe ku kai tsaye, tunda aikin gona za ku: kada wanda ya yi feshi ya wanke tankinsa a saman inda kuke ɗiban ruwa. Ruwan da ke da wani sheƙi mai launi-launi a samansa, ko warin mai, ko ka ga matattun kifi a gefe, ka wuce shi. Tafasawa ma ba ta raba shi da dafin. Sannan tsargiya ta fata take shiga, ba sai ka sha ba, don haka filta a aljihu ba ta kare wanda ya tuɓe ya faɗa kududdufi mai dodon koɗi.

To, in ka ce sai na zaɓa maka: ka sayi filtar matsawa guda ɗaya ta gaske, ku haɗa kuɗi ku biyar, sannan ka sayi kulorin da zai ishe ku sati uku, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ku kwantar da ruwan, ku tace da ƙyalle, ku matsa ta filta zuwa jarka mai ƙaramin baki, sannan ku jefa ƙwayar ku jira rabin awa. A rafi za ku ɗiba, inda ruwa ke gudu, sama da mashayar shanu. In kuɗin filta ya gagara, kulorin da tafasawa sun isa: ruwan da ya tafasa yana ɓalɓala na cikakken minti ɗaya ya kashe bakteriya da bairas da masu ɓawon gaba ɗaya, itace kuma ba zai yi muku wuya a daji ba. Sai ku tafasa na sha da dare bayan an sauke tukunya, ya kwana ya huce, ku shiga gona da shi da safe.

Ka saka ƴan ledojin ORS a jaka, na haɗa ruwan gishiri da sukari. Mun ga abin da kwalara ta yi a nan Legas a watan Yunin 2024, kuma a cikin gari ke nan kusa da asibiti. Duk wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, ku fara ba shi ORS da tafasasshen ruwa nan take, ku ɗora shi a babur zuwa asibiti a Epe, kada ku jira gari ya waye.