Injin bel 2x72 mai akwatin rage gudu: ya dace da maƙerin wuƙa a Maradi?

Injin wasa ƙarfe da muka yi aiki da shi yana ɗaukar bel mai faɗin milimita 50 da tsawon 1830 (inci 2 da inci 72 ke nan), motarsa ta lantarki kilowat 1.5 ce mai juyi 2800 a minti, tayar da ke jan bel kuma milimita 150. Abin da ya sa ya fi sauran shi ne akwatin da ake kira VFD, wanda ke karɓar wutar gida volt 220 ya juya mota mai layi uku da gudun da ka zaɓa. A sani, mota mai layi ɗaya ba ta aiki da wannan akwati.

Lambar da ke fuskar akwatin ba gudun bel ba ce, ma'aunin wutar da ke juya motar ce (Hz). Da wannan taya, 50 na ba da kusan mita 22 a daƙiƙa, 25 na ba da 11, 15 kuma ƙasa da 7 kaɗan. Idan ka canza taya, lissafin ya canza.

Wajen fitar da siffar wuƙa daga sifirin mota, bel ɗin seramik mai lamba 36, wato mai kaushi sosai, yana son cikakken gudu da dannawa sosai. Idan ka rage masa gudu kana shafawa a hankali, ƙwayoyinsa ba sa fashewa su fito da sabon kaifi, sai ya yi santsi ya riƙa dumama ƙarfe ba ya ci. Ka bar bakin wuƙar da kaurin kusan milimita ɗaya kafin ta shiga wuta.

Amfanin akwatin na gaske yana bayyana ne bayan an tsoma wuƙa a mai ta yi tauri. Nan gudu ke ɓata aiki. Da bel mai lamba 120 zuwa 220, ka sauko da lambar akwatin tsakanin 20 da 25, ka cire safar hannu don yatsa ya ji zafi, ka tsoma a ruwa bayan kowane ja. Tsinin wuƙa ne ke fara ƙonewa saboda siririntarsa. Da zarar ka ga shuɗi a baki, wurin ya kai wajen digiri 300, taurinsa ya ragu, kuma goge launin ba ya dawo da shi. Mahaucin da ke yanka kilishi zai gane tun ranar farko. Ƙotar kirya ko ƙaho kuwa 15 ta ishe ta, fiye da haka baƙin tabo ne da wari.

Inda injin ya gaza: akwatin da aka haɗo da shi mai ramukan iska ne. Garin ƙarfe na shiga ya haɗa wuta, ga kuma ƙurar hunturu. Ka nemi rufaffe mai alamar IP65, ko ka kafe shi a bango nesa da tartsatsi. Fankar mota ma tana raguwa tare da gudu, don haka doguwar tafiya a 15 cikin zafin Afrilu na sa ta yi zafi ƙwarai, sai ka ƙara mata fanka daga waje. Idan wuta ta yi ƙasa akwatin kan kashe kansa, wannan kariya ce. Kada kuma a sa makunni tsakaninsa da mota.

Ga mai ƙera adda da lauje kawai, mota mai gudu ɗaya ta wadatar. Wanda ke yin wuƙaƙen fawa masu siririn baki, musamman gab da Layya, kuɗin akwatin ba asara ba ne, in dai ya sayi rufaffe.