Kebul miƙaƙƙe ko mai giciye: wanne firintarka ke buƙata?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa firintar rasit da kwamfuta ta tashar COM, fitilarta na ci, amma ko ɗigo ba ta bugawa, kuma kana tunanin ko kebul ne. Mai yiwuwa shi ne, domin kebul na RS-232, wato wanda ake sawa a tashar COM, iri biyu ne, kuma daga waje ba ka iya bambance su.

Miƙaƙƙe yana kai waya zuwa takwararta: aikawa zuwa aikawa, karɓa zuwa karɓa. An yi shi ne don modem. Mai giciye, wanda ake kira null modem, yana kai wayar aikawar kwamfuta zuwa wayar karɓar firinta. Galibin firintocin rasit, irin su Epson TM, an tsara su kamar kwamfuta ne, don haka mai giciye suke so. Idan ka sa miƙaƙƙe, kowa magana yake yi, babu mai sauraro.

Inda ake faɗuwa shi ne lambobin ƙafafu, wato tsinkayen ƙarfe da ke kan kebul. A kai mai ƙafa 9, ƙafa ta 3 ce ke aikawa, ta 2 ke karɓa, ta 5 ce ƙasa (ground). A kai mai ƙafa 25 kuwa abin ya juye: ta 2 ke aikawa, ta 3 ke karɓa, ta 7 ce ƙasa. Saboda haka idan ka auna kebul mai 9 zuwa 25 da mitar auna wuta ka ga 2 na zuwa 2, 3 na zuwa 3, kada ka ce miƙaƙƙe ne. Mai giciye ke nan, shi kake nema. Wanda 2 ke zuwa 3 shi ne na modem.

Ba ka da tabbas? Cire kebul, kunna firinta, ka auna a jikin firintar tsakanin ƙafar ƙasa da ƙafa ta 2, sannan ta 3. Wadda ta nuna lamba mai alamar ragi (-), wajen volt -5 zuwa -12, ita ce ke aikawa.

Idan takarda ta fara fita da shirme, alamomi da tambayoyi, to kebul ya yi daidai, saurin aika bayanai na kwamfuta da na firinta ne bai zo ɗaya ba. Riƙe maɓallin FEED yayin kunna firinta, za ta buga saitinta. Yawanci saurin 9600 ne da 8-N-1, wato tsarin da ake jera bayanan, amma wasu suna fitowa a kan 38400. Daidaita na kwamfuta da abin da ta buga.

Akwai kuma rasit mai tsawo da ke yankewa a tsakiya. Nan ma'ajiyar firinta ce ta cika, ta ce a dakata, kwamfuta ba ta ji ba. Kebul mai waya uku kacal ba ya ɗauke wannan saƙon, sai ka zaɓi XON/XOFF, saitin da ke aika saƙon dakatarwa ta cikin wayar bayanai, a ɓangarorin biyu. In kana son dakatarwa ta waya, ƙafa ta 20 ta firinta dole ta isa ƙafa ta 6 ta kwamfuta. Mu dai mun fi son wannan, don ba ya ruɗewa idan ana buga hoto. Tsawon kebul kuma kada ya wuce mita 15.