Sharhi kan wata makarantar koyon faɗan sanda a Sebu mai koyar da salo uku

Makarantar tana saman wani shagon gyaran babura ne a birnin Sebu na ƙasar Filifin: ɗaki guda, fanka biyu, daɓen siminti da aka shimfiɗa wa roba. Karatu ne ya kai ni garin, kamar sauran 'yan Najeriya da ke jami'o'insa, kuma motsa jiki kawai na je nema. Abin da suke tallatawa shi ne da kuɗin wata guda za ka koyi salo uku na faɗan gargajiyar ƙasar, wanda ake kira Arnis ko Eskrima ko Kali. Doce Pares a ajin jama'a da yamma, Balintawak daga kai sai malami, Pekiti-Tirsia kuma ranar Asabar. Kuɗin ba su fi ƙarfin ɗalibi ba, kuma malaman sun san aikinsu. Inda na samu matsala shi ne haɗa ukun a lokaci guda.

Doce Pares tsohon gida ne a Sebu. A 1932 aka kafa ƙungiyar, iyalan Saavedra da Cañete na kan gaba, kuma tun asali taron gwanaye ne, kowa da irin hannunsa. Shi ya sa ajin yake kamar kasuwa: yau sanda ɗaya, gobe sanda biyu ana saƙa su a iska, jibi sanda a dama wuƙar roba a hagu. Ana koyon bugu daga nesa, daga tsaka-tsaki, da kuma gab da juna. Wanda yake son gumi da gasa, nan ne wurinsa, domin ana sa kwalkwali mai raga da rigar kariya da safar hannu irin na gasar WEKAF, ƙungiyar wannan wasa ta duniya wadda aka kafa a Sebu a 1989, a daki juna da gaske. Sai dai kayan kariyar na sa mutum sakaci. Na sha ganin yara biyu sun tsaya suna ta rafkar kawunan juna don tara maki, babu mai ko kaucewa, alhali ba don kwalkwalin ba bugun farko ya gama zance. Ga cunkoso: malami ɗaya, ɗalibai cike da ɗaki, kana iya wuni kana riƙe sanda ba daidai ba babu wanda ya lura.

Balintawak ne ya biya ni kuɗina. Venancio Bacon, wanda aka fi sani da Anciong, ɗan Doce Pares ne da ya ɓalle a farkon shekarun 1950, ya koma koyarwa a bayan wani shagon agogo da ke titin Balintawak, inda salon ya samo sunansa. Sanda ɗaya ce kacal, kuma kusancin ya kai har kana jin numfashin abokin karawarka. Babu layi, babu kwaikwayon na gaba. Malamin, wani dattijo siriri da ba ya ɗaga murya, zai tsaya gabanka ya kawo bugu, ka tare ka rama, ya sake kawowa ta wani ɓangaren. Da ya ga ka fara sabawa sai ya ƙara sauri kaɗan, daidai inda za ka kusa ruɗewa. Hannunsa na hagu ya fi sandar ban tsoro. Da shi yake danne maka wuyan hannu, ya ture gwiwar hannunka, ya fizgi sandarka, ya ɗan taɓa maka goshi ya ce, "Dong (wato yaro), kanka a buɗe yake." Idan atisayen ya yi zafi har warin ƙuna kake ji daga icen ratan da ake yin sandunan da shi saboda gogayya, gabobin yatsunka kuma su kumbura su yi kwanaki. Duk tsarin ya ginu ne a kan lissafi: ya san idan ya buga nan za ka tare haka, don haka ya riga ya tanadi abin da zai biyo baya, da wanda zai biyo bayan wancan.

Ranar Asabar kuma sai a rushe maka rabin abin da ka gina. Pekiti-Tirsia salon iyalan Tortal ne daga yammacin tsibiran Bisaya, jikansu Leo Gaje ya kai shi Amurka a 1972. A wurinsu sandar da ke hannunka wakiliyar adda ce ko takobi. Malamin ya manna salatif a ƙasa da siffar kusurwa uku, muka yi ta taka shi, shiga ta gefe, fita ta gefe, ba a tsayawa a gaban kaifi. Ni kuwa jikina ya riga ya saba da kama sandar abokin karawa da hannun hagu. Ina kamawa ya tsayar da aji, ya ɗaga hannuna sama ya ce wa sauran, "Ku duba, wannan ba shi da yatsu yanzu." Gaskiyarsa. Shi ma dattijon Balintawak gaskiyarsa, domin shi da sanda yake faɗa, kuma sanda ana kama ta. Kowanne daidai yake a gidansa, sabon ɗalibi ne ke tsakiya, ƙafa na son matsawa kusa, ƙwaƙwalwa na cewa ja da baya. Kamar ɗan dambe ne a ce masa ya shiga kokawa da zare a hannu.

Ba su koyar da Modern Arnis, kuma na ga giɓinsa. Wanda ya kafa wannan salon, Remy Presas, wanda shi ma ya yi Balintawak a Sebu, ya sauƙaƙa koyarwar ta yadda ɗalibi zai bugi sandar abokinsa maimakon hannunsa, abin da ya taimaka wa wasan shiga makarantu tun kafin dokar 2009 da ta mayar da Arnis wasan ƙasa. Ga wanda bai taɓa riƙe sanda ba, da irin wannan aka fara masa da ya fi.

Shawarata ga mai niyyar shiga: ka roƙe su ka biya na salo ɗaya, sun yarda da hakan da na tambaya, duk da ba su rubuta a takardar talla ba. Sanda kuma kada ka saya a wurinsu, ta fi tsada kuma nan da nan take tsagewa. Ka nemi ratan mai fatarsa da gaɓoɓi kusa-kusa, tsawon kamar santimita 70. Ta icen kamagong, baƙar nan mai nauyi da kyawun gani, ba ta atisaye da mutum ba ce, karya ƙashi take yi.